Littafin Aikin Kula da Fatar Almajirai a Hunturun Bana

Alhamis, 17 ga Nuwamba, 2022

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta abin da muke yi a tsangayar da ke bayan unguwarmu, a wajen birnin Kano, inda na ɗauki alkawarin zuwa duk ranar Alhamis har hunturu ya wuce. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, kuma shekara uku ke nan ina ganin yaran wannan makaranta suna zuwa mana tsakanin Disamba da Fabrairu da dunduniya a tsage, wasu suna ɗingishi, wasu kuma fason ya riga ya fara fitar da mugunya. Na ga cewa jiran su a asibiti bayan abu ya lalace ba dabara ba ce.

Na sami Alaramma a zaure bayan hantsi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo neman izini ne in riƙa duba ƙafafu da jikin yaran nan kafin sanyi ya kankama." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Likita, faso ai gadon almajiri ne, mu ma da shi muka yi karatu. Amma idan akwai sauƙin da za a samar musu, ba zan hana ba." Ya kafa sharaɗi biyu: kada a taɓa lokacin karatu, kuma kada a ɗauki hoton kowane yaro. Na amince da duka biyun da zuciya ɗaya.

Mutum 64 ne a makarantar, ƙolaye, wato ƙananan yara, da titibirai masu tasowa, da gardawa biyar, wato manyan almajirai. Na duba kowa, kai da hannu da ƙafa. Fiye da rabinsu suna da kaushi, goma sha ɗaya fasonsu ya riga ya buɗe, kuma kusan kowa ƙwaurinsa ya yi furu-furu. Da yawa sun ce suna jin ƙaiƙayi, na rubuta shi a matsayin ƙaiƙayin bushewar fata.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, 2022

Na tara gardawa biyar ɗin, domin su ne za su riƙe aikin a kwana shidan da ba na nan. Na yi musu bayani da abin da suka sani. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, tana ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa, kuma kafin ta iso mu babu sauran laima a cikinta, har danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. Saman fatar mutum yana riƙe da ruwa ne saboda wani ɗan maiƙo da ke tsakanin ƙwayoyinta. Idan sabulu ya wanke maiƙon, iska ta zuƙe ruwan, sai fata ta yi abin da ƙasar fadama take yi idan ruwa ya janye, wato ta ƙame ta tsattsage. Dunduniya ce ta fi shan wahala saboda fatarta mai kauri ce, ba ta fitar da maiƙo da kanta, kuma ita ke ɗaukar nauyin yaron da ke yini yana yawo cikin silifa ko babu takalmi ma.

Wani gardi ya kawo maganar da ta zama ginshiƙin aikin nan gaba ɗaya. Ya ce ya lura cewa bayan alwalar asuba ne fasonsa ya fi yi masa zafi. Haka ne kuwa, domin ruwan da ya jiƙa fata idan ya bushe cikin iska mai kaifi yakan tafi da danshin da ya tarar. To amma wannan lokacin ne kuma ya fi dacewa a shafa mai, saboda mai ba ya ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke ciki yake yi. Saboda haka muka yanke shawarar kada mu ƙirƙiro wa yara sabon lokaci da za su manta, mu ɗaura shafa mai a kan abin da ba sa mantawa. Bayan sallar asuba da bayan sallar isha'i, kowane yaro zai ɗan yayyafa wa ƙafa da ƙwauri ruwa, ya tsane su sama-sama, ya shafa mai nan take.

Da gudummawar wasu maƙwabta na sayo man kaɗanya irin wanda ake kawowa daga jihar Neja, da basilin fari wanda ba shi da turare. Man kaɗanya na jiki da leɓe ne, basilin kuma na dunduniya. Kowane gardi ya karɓi gwangwani ɗaya da ƙaramin cokali, domin kada hannu sittin su riƙa shiga mazubi ɗaya.

Alhamis, 8 ga Disamba, 2022

Hazo ya sauka sosai a makon nan. Na gano cewa yawancin yaran da garin sabulun wanki suke wanka idan sun samu, wasu kuma suna yin mako ba su yi ba saboda sanyi da tsadar ruwan 'yan garuwa. Sabulun wanki an yi shi ne domin ya cire maiƙo daga tufafi, kuma aikin da yake yi wa fata ke nan. Na kawo sabulun wanka marar ƙamshi, muka tsayar da wanka sau uku a mako da tsakar rana, a taƙaice, ba tare da dirzar jiki da soso mai kaushi ba.

Akwai abin da ya tayar mini da hankali da na tsaya har bayan magariba. Yaran suna kewaye wutar karatu da kara da itace, suna matsowa dab da ita saboda sanyi, alhali yanzu ƙafar wandonsu ta sha mai. Tufar da basilin ya jiƙa tana saurin kama wuta. Na gaya wa Alaramma a take, shi kuma ya ba da umarni cewa ba za a raba man dare ba sai an tashi daga karatu an kashe wutar, kuma za a riƙa wanke wandunan kwana duk mako.

Alhamis, 22 ga Disamba, 2022

Daga cikin goma sha ɗayan da fasonsu ya buɗe, bakwai sun rufe. Abin da muka yi musu bai wuce jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na kamar minti goma ba, a goge gefen kaushin a hankali da dutse, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwana da ita. Na hana abu biyu da na tarar ana yi, wato yanke kaushi da reza da ɗinke faso da allura da zare. Titibiri ɗaya da ya ɗinke nasa ƙafarsa ta kumbura har kaluluwa ta fito masa, sai da na kai shi wurin likitanmu aka rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ƙwauri ya yi laushi, leɓe ya daina tsagewa, amma ƙaiƙayi bai ragu ba. Gardawa sun ce ma ƙaruwa yake yi. Na ce a ƙara yawan mai.

Alhamis, 29 ga Disamba, 2022

Na yi kuskure, kuma kuskuren ya ci wa yaran nan mako shida. Daren Talata na bi ta makarantar bayan isha'i domin in kai safa, sai na tsaya a bakin ɗakin ƙolaye na ji ƙarar susa daga kowane lungu, yara suna juyi sun kasa barci. Bushewar fata tana sa ƙaiƙayi, amma ba ta hana ɗaki guda barci a lokaci ɗaya. Yau na dawo da fitila da madubin ƙara girma, na duba wuraren da ban tsaya a kansu ba ranar farko: tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu, hammata, kewayen cibiya, ɗuwawu da matsematsi. Na ga ƙananan ƙuraje da 'yan siraran layuka a ƙarƙashin fata. Ƙazuwa ce, kuma na ƙirga mutum 29 da alamarta a fili.

Tun ranar farko yaran sun gaya mini suna jin ƙaiƙayi. Da na tambaye su lokacin da ya fi tsananta da kuma wurin da yake, da na gane. Na zo da hunturu a raina, sai na ɗora masa komai.

Ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake kawo ta, wanda ido ba ya iya gani sosai. Macen tana haƙa rami a saman fata tana saka ƙwai biyu zuwa uku a kullum, kuma yawanci ƙwarin da ke jikin mutum ɗaya ba sa wuce goma zuwa goma sha biyar, ƙaiƙayin kuwa martanin jiki ne ga ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Wanda ya kamu a karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida bai ji komai ba alhali yana yaɗawa, saboda haka mutum 35 ɗin da ban ga komai a jikinsu ba, ba za a ce sun tsira ba tunda tabarma ɗaya da bargo ɗaya suke kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan wurare masu zafi da aka yi sakaci da su a shekarar 2017, kuma ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci aƙalla mutum miliyan 200 ne ke ɗauke da ita. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan susa: fata ta buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙuraje su yi mugunya, kuma irin wannan gyambon a jikin yaro yana iya kai wa ga ciwon ƙoda. Yara shida sun riga sun kai matakin mugunya.

Na gaya wa Alaramma gaskiya, har da cewa ni ne ban lura da wuri ba. Ya tambaye ni ko ƙazanta ce ta jawo. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, cunkoso ne. Ko ɗan sarki ya kwana a tabarmar nan zai ɗauka."

Alhamis, 5 ga Janairu, 2023

Likitanmu ya zo da kansa ya tabbatar. Man permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 shi ne aka fi so, amma kuɗinsa na mutum sama da sittin sau biyu ya fi ƙarfinmu. Ƙwayar ivermectin tana aiki, sai dai ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba, kuma ba mu samu isasshiya ba. Ya zaɓi ruwan benzyl benzoate mai ƙarfin kashi 25, gardawa su shafa shi yadda yake, yara kuma a sirka musu rabi da rabi da ruwa saboda yana da raɗaɗi. Ya ce a fara yi wa masu mugunya shida magani na mako guda, domin ba a zuba wannan ruwan a kan buɗaɗɗen gyambo.

Ƙa'idar ita ce kowa da kowa a rana ɗaya, har da Alaramma da iyalinsa da ke cikin gida. Matsalar ita ce tufafi, domin yaro mai riga ɗaya ba ya da abin da zai sa idan an tafasa ta. Matan unguwa sun ɗauki nauyin tara kayan gwanjo, wani mai shago ya ba mu aron duro biyu, 'yan garuwa uku sun yi alkawarin kura ɗai-ɗai kyauta.

Alhamis, 12 ga Janairu, 2023

Mun fara da hantsi, muka gama dab da la'asar. Kowa ya yi wanka, an yanke masa farce, sannan gardawa suka shafa maganin daga wuya har tafin ƙafa, ba a bar tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da bayan kunne ba. Zai zauna a jiki awa 24, kuma duk wanda ya yi alwala zai sake shafawa a hannu da ƙafa. Ƙananan sun yi kuka na ɗan lokaci saboda raɗaɗi, wannan kuwa ya taɓa ni ƙwarai, ko da yake na san zai lafa cikin mintuna. Riguna da wanduna sun shiga tafasasshen ruwa, aka shanya su a rana. Barguna da buzaye da ba za su tafasu ba mun ɗaure su cikin manyan ledoji, za su yi mako a rufe, tunda ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum. Daren yau da aron barguna za a kwana.

Yara uku ba su dawo daga cikin gari ba sai bayan magariba. Na jira su, aka yi musu a cikin zaure kusa da garwashi amma ba dab da shi ba.

Alhamis, 19 ga Janairu, 2023

An maimaita, domin a kama ƙwarin da suka ƙyanƙyashe bayan shafawar farko. Na gargaɗi gardawa cewa ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako biyu zuwa huɗu ko da ƙwaron ya mutu, kuma maganin da kansa yana busar da fata, saboda haka kada wanda ya ƙara shafa shi da kansa. Man kaɗanya za a koma wa safe da dare.

Alhamis, 26 ga Janairu, 2023

Ɗakin ƙolaye ya samu barci. Yanzu na juya kan makero, wanda yara tara suke da shi a ka: faci-faci mai farin gari, gashi ya kakkarye a wurin. Wannan ba ƙwaro ba ne, ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, kuma tana shiga cikin silin gashi inda man shafawa ba ya kai wa. Shi ya sa maganinsa na sha ne, griseofulvin, gwargwadon nauyin yaro, kullum har mako shida zuwa takwas, kuma ana son a sha shi da abinci mai maiƙo domin jiki ya fi karɓarsa. Mun auna su a sikeli, likita ya rubuta, gardi ɗaya zai riƙa ba su da ƙosai ko ƙuli-ƙuli da safe yana sa alama a takarda.

Na tarar an shafa wa biyu baƙin man mota, ɗaya kuma man birki, har fatar kansa ta saluɓe. Wani titibiri ya nuna mini man da ya saya a wani kemis, irin wanda ake cewa yana maganin komai. A jikin kwalin akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Irin wannan man yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali cutar tana ƙara faɗi a ƙarƙashi, kuma idan aka daɗe ana shafa shi fata takan yi siriri ta yi haske ta riƙa tsagewa. Na karɓe shi na ba shi wanda ya dace.

Wanzamin da ke yi musu aski dattijo ne mai mutunci, kuma na yi masa magana a keɓe. Na ce, "Baba, ba laifinka nake nema ba, taimakonka nake nema." Ya yarda zai riƙa barin masu makero zuwa ƙarshe, ya wanke aska ya goge ta da sifirit tsakanin kai da kai. An kuma hana musayar hula.

Alhamis, 2 ga Fabrairu, 2023

Lahadin da ta wuce ce ranar kuturta ta duniya, wadda ake yi a Lahadin ƙarshe ta Janairu, sai ta tuna mini da fararen tabban da na gani a jikin wasu. Yawancinsu kyasbi ne, a ƙirji da baya, wanda ke fitar da ɗan gari idan an kankare, kuma ko an kashe cutar launin fata yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. To amma tabon da ya yi haske kuma mai shi ba ya jin taɓawa a kansa, wannan sai an bincika. Na sa kowane mai tabo ya rufe ido, na riƙa taɓa shi da silin auduga yana nuna wurin. Gardi ɗaya amsarsa ba ta gamsar da ni ba, na raka shi asibitin fata na Yadakunya, wanda aka fi sani da Bela, ba tare da na gaya wa kowa dalili ba sai Alaramma. Likitoci sun gwada shi sun ce ba kuturta ba ce.

Alhamis, 9 ga Fabrairu, 2023

Ƙarancin takardun kuɗi ya shafe mu. Matar da ke sayar mana da man kaɗanya ba ta karɓar taransifa, mu kuma ba mu da tsaba, sai da aka yi kwana biyar babu mai a gwangwani uku. Cikin waɗannan kwanaki kawai faso ya sake buɗewa a ƙafar yara huɗu. Wannan ya nuna mini cewa abin da muka samu ba warkewa ba ce da za a jingine, kiyayewa ce ta kullum. A ƙarshe ta ba mu bashi bisa amanar Alaramma. Na gode Allah da na sayi griseofulvin na mako takwas gaba ɗaya tun farko, domin da ya yanke a tsakiya da aikin ya koma baya.

Alhamis, 23 ga Fabrairu, 2023

An kawo sababbin ƙolaye biyu daga ƙauye, kuma babban gardi, ba tare da na ce masa komai ba, ya duba tsakanin yatsunsu kafin a ba su wurin kwana. Ɗaya yana da ƙazuwa. Ya keɓe masa tabarma da bargo ya aiko a kira ni, aka yi wa su biyun magani a ranar. Alaramma ya ce daga yau wannan ita ce ƙa'idar karɓar kowane sabon almajiri da duk wanda ya dawo daga ganin gida.

Alhamis, 9 ga Maris, 2023

Sanyi ya ja baya, rana ta fara zafi. Na sake duba kowa kamar ranar farko, amma yanzu da tambayoyin da ban yi ba a wancan karon. Mutum 66 ne yanzu. Babu sabon ƙurjin ƙazuwa ko ɗaya. Faso a buɗe ya rage a ƙafar mutum biyu, dukansu titibirai masu aikin ɗiban ruwa a gidaje, waɗanda ƙafarsu ke yini tana jiƙewa tana bushewa, kuma na fara neman musu takalmin roba mai rufe dunduniya. Cikin masu makero tara, gashi ya fara tsirowa a kan bakwai. Biyun da suka rage likita ya ƙara musu mako biyu, ɗayansu kuma, wanda aka shafa wa man birki, da alama tabon zai zauna babu gashi.

Azumi ya rage kamar mako biyu, wasu yaran za su tafi gida su dawo bayan salla, saboda haka na rubuta wa gardawa sunayen waɗanda ba su gama shan magani ba domin kada su tafi sai da ragowar a hannunsu. Da shigowar bazara za mu rage basilin a jiki mu bar shi ga dunduniya kawai, tunda mai mai kauri cikin gumi yana toshe fata ya jawo ƙurajen zafi. Maganar da ba mu warware ba ita ce ta wurin kwana, domin har yanzu yara goma sha tara ne a ɗaki ɗaya. Mai unguwa ya ce in same shi ranar Asabar bayan la'asar, ni da Alaramma, mu duba kangon da ke jikin masallaci ko zai yi rufi kafin damina.